Miliyan Ɗaya da Ɗaya

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare, a wata makarantar 'yan mata da ke Tarauni, malamin lissafinmu ya rubuta miliyan ɗaya da ɗaya a allo. Ya ce wannan lamba mara ce, ba cika ba, kuma tana cikin lambobin da ba sa rabuwa: babu abin da zai raba ta daidai sai ɗaya, sai ita kanta. Muka kwafa.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Lamba mai girma haka, a ce duk duniya ba mai raba ta? Ranar Asabar, bayan na gama wanke-wanke, na zauna a tsakar gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi da tsohon littafi ina gwadawa. Uku ta ƙi, bakwai ta ƙi, sha ɗaya ta ƙi. Na kai casa'in da bakwai yatsuna na zugi. Ana kiran la'asar na gwada ɗari da ɗaya, sai ga dubu tara da ɗari tara da ɗaya ta fito cif, ba saura. Sau uku ina maimaitawa.

Ranar Litinin na ɗaga hannu, murna fal cikina.

"Malam, lambar nan tana rabuwa. Ɗari da ɗaya na raba ta."

Ko kallon takardar da na yi lissafin a kai bai yi ba. Ya ce, "Ni da ke wa ya je jami'a? Fita ki durƙusa."

Na durƙusa a kan tsakuwa har aka tashi tara. A gwajin ranar Alhamis kuma ya sako tambayar. Na rubuta abin da na sani, ya zabga mini jan kuros, ya ƙara da "rashin kunya" a gefe.

Babana direban adaidaita sahu ne, a firamare karatunsa ya tsaya. Da ya ga ina kuka ya ce, "Uwata, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Washegari ya bar lodin safe ya raka ni ofishin shugabar makaranta.

"Hajiya, ni ban san lissafin boko ba," in ji shi. "Ga waya a hannunki, ki danna mu gani. In yarinyar nan ƙarya take, ni zan hukunta ta."

Ta danna. Ta sake dannawa.

"Gaskiyarta ne. Amma Malam, ka san ba a kunyata malami a gaban ɗalibai. Za a mayar mata da makinta, maganar ta tsaya nan."

"To sauran 'ya'yan mutane fa, da suka rubuta ba daidai ba?"

"Lamba ɗaya ce, Malam. Me za ta rage musu?"

Baba ya miƙe ko sallama bai yi ba.

An mayar mini da makin, da fensir, a ƙasan takarda. Ba a taɓa gyara abin a aji ba. Ƙawayena suka ci gaba da ce mini mai gardama da malamai, malamin kuwa har muka gama shekarar bai ƙara kirana in amsa tambaya ba, ko da hannuna kaɗai ne a sama. Durƙuson na yafe tuni. Wannan fensirin ne har yau na kasa yafewa.