Wasan da Malam Tanimu Ya Sake Saboda Mutum Ɗaya

A daminar nan Malam Tanimu ke cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Kowace shekara idan gero ya fara fitar da kai nakan tuna shi, in yi masa addu'a ni kaɗai, in tashi in kama harkokina. Bana abin ya ƙi tsayawa a nan. Babban ɗana ya yi wata huɗu ba ya kwana a gidana, ni na kore shi saboda tabar wiwi, kuma duk faɗin Birnin Kudu na rasa mutum ɗaya da zan zauna in gaya wa abin da ke cina. Wanda zan gaya wa yana kwance a maƙabartar Gwaram. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Tanimu malamin firamare ne a Gwaram, siriri, mai ƙaramar murya, irin mutumin da zai shigo taro a yi rabin sa'a ba a lura ya zo ba. Tare muka yi aji ɗaya. Ni na zama malamin gona, aka ba ni babur na zagaya ƙauyuka. Shi kuma da wasu samari huɗu suka haɗa 'yar ƙungiyar sa kai, suna wasan kwaikwayo ranar kasuwa a Sara da Basirka da Dingaya, don jan kunnen matasa a kan wiwi. Ni ba ni da hannu a wasan. Aikina in ɗaure lasifika da batir a babur, in goya Tanimu, in kai shi in dawo da shi.

Wasansu na farko na mahaukaci ne. Tanimu zai shafa toka, ya sa tsummokara, ya rataya gwangwanaye, ya fito yana zance da iska, sauran suna ihu cewa ga abin da wiwi ke yi. Wallahi ya iya. Mahauta su bar nama, masu fura su bar ƙwarya, kasuwa ta dawo kansa ana dariya har da hawaye. Mu kuma mu koma gida muna yaba kanmu, tunda a lissafinmu yawan taro shi ne cin nasara.

Wata rana a Basirka, muna naɗe waya bayan an tashi, wani ɗan ƙwadago ya matso da fartanya a kafaɗa. Ya gaishe mu da ladabi, sannan ya ce, "Malam, wasa ya yi kyau wallahi. Amma fa mu shida muke noma tare, huɗu suna sha, kuma su ke riga mu kaiwa ƙarshen gona. Shekara nawa muna jira su haukace, har yau shiru." Ba da izgili ya faɗa ba. Ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya yi gaba abinsa.

Na goya Tanimu muka kama hanya har muka yi nisa. Can ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska, ya ce, "Audu, yaron nan ya fi mu gaskiya. Akwai waɗanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, mun gan su. Amma mu cewa muka yi kowa da kowa. Yanzu ko gaskiya muka kawo masa, cewa zai yi wasa ne."

A nan zan faɗi abin da ban taɓa rubutawa ba. Mutumin da ke tuƙa babur ɗin nan, mai ɗaukar lasifikar yaƙi da wiwi, shi ma yana sha. A wurin leburorin gona na koya, da sunan maganin gajiya. Da zarar Tanimu ya shiga fili hankalin jama'a ya koma kansa, sai in sulale bayan kara inda ake ɗaure shanu, in naɗa in zuƙa. Idan na gama sai in jefa goro a baki, in goga turare a bayan kunne, in hura numfashi a tafin hannu in shinshina. Kuma na yi imani babu wanda ya sani. Ku dubi wauta: mutum yana zaune a bayanka tun daga Sara har Gwaram, hancinsa a ƙeyarka, kai kuma kana ganin ka iya ɓoyo.

Bayan maganar ɗan ƙwadagon nan Tanimu ya ajiye tsummokaran. Ya ce suna shirya sabon wasa, ban tambaye shi ko na mene ne ba. A kasuwar Dingaya suka fara yin sa, kuma ranar Allah ya sa wayar batir ta ƙi zama, dole na durƙusa na riƙe ta da hannu har a gama. Babu damar zuwa bayan kara.

Tabarma suka shimfiɗa a tsakiyar fili. Tanimu ya fito cikin farar riga wankakkiya, tsaf da shi. Ya leƙa dama da hagu, ya shige bayan wani zana, ya ɗan jima. Da ya fito sai ya jefa goro a baki, ya goga turare a bayan kunne, ya hura numfashi a tafin hannu ya shinshina. Na ji kamar an watsa min ruwan randa.

Daga nan aka nuna la'asar ta yi, liman ya yi tafiya. Tun farko an ji mutanen suna faɗin cewa duk unguwar babu mai karatu kamar mai farar rigar nan. Aka tada iƙama. Ya ɗan ɗaga ƙafa zai matsa gaba. Mutanen suka dubi dama, suka dubi hagu, idonsu ya bi ta kansa ya wuce, suka tura wani dattijo da ke karatu da kyar. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya harare shi. Bayan sallama wani ya zo neman 'yan rakiya zuwa neman auren ƙanensa, ya kira wannan, ya kira wancan, ya tsallake shi, har da ce masa, "Sai mun dawo, Malam." Kowa ya watse, ya rage shi kaɗai yana naɗe tabarma.

Sai Tanimu ya ɗauki lasifika ya ce, "Jama'a, me ya sa ba su sa shi gaba ba?" Ya ajiye lasifikar. Sai wani mahauci daga baya ya ce, "Ai ɗan wiwi ne!" Nan take gardama ta ɓarke. Wasu na cewa an yi masa daidai, wasu na cewa ai da sai a kira shi gefe a gaya masa. Har muka ɗaure kaya ba su gama ba. Duk wasan, ba a ji sunan tabar daga bakin 'yan wasa ko sau ɗaya ba, 'yan kallo ne suka faɗa da kansu.

Ni ne mai karatun nan. A masallacin unguwarmu na daɗe ina lura cewa idan liman ba ya nan ba a tura ni, alhali an san na fi wanda ake turawa. Na gaya wa kaina hassada ce. Ranar nan a Dingaya, ina durƙushe da wayar batir a hannu, na gane duk unguwa an sani, kunyata kawai ake ji.

A hanyar dawowa na shirya jin wa'azi, har na tanadi amsa mai zafi. Abin da kawai ya ce shi ne in kula da ramin da ke gaba. Haushi ya kama ni sosai. Na yi mako biyu ban je ɗaukarsa ba. Sai ga shi ya shigo mota har gidana, rungume da lasifika, ya zauna ya ci tuwo, ya tambaye ni maganin tsutsar wake. Da zai tafi ya ce, "Kasuwar Sara jibi ce, ka zo da wuri." Haka muka ci gaba. Kada mai karatu ya ɗauka washegari na bari. In bari wata biyu in koma, in rantse in karya. Shekara uku cur ana haka, yana hawa bayana, yana jin warin, bai taɓa ce min kanzil ba. Ranar da na ce masa, "Tanimu, na bari, wannan karon da gaske," cewa ya yi, "Alhamdu lillahi. To tada babur, rana na yi."

Sabon wasan bai tara jama'a kamar na mahaukaci ba. Har wani babba ya aiko a gaya masa ya dawo da tsummokaran, wai mutane sun fi son dariya. Ya ƙi. Ban san mutum nawa suka bari ta dalilinsa ba, ba mu taɓa ƙirgawa ba, kuma ba zan yi masa ƙarya a kabari ba. Mutum ɗaya na sani.

Yanzu idan na bi hanyar Gwaram ina ganin allunan faɗakarwa, da ƙoƙon kai da jajayen idanu. A rediyo ana ta faɗa da ƙarfi kamar ana korar awaki daga gona. A waya kuma hotuna ne ke yawo na samarin da aka kama, an yi musu aski da ƙarfi, an jera su a tsugune ana ɗauka. Nakan tambayi kaina abin da Tanimu zai ce. Ba na jin zai hana hukuma aikinta, shi ba mai goyon bayan ɓarna ba ne. Amma na san zai tsaya gaban allon nan ya karkata kai yadda ya saba, ya ce, wannan da wa yake magana? Don ƙoƙon kan nan, irinsa samari ke saya su manna a tankin babur don ado. Hotunan askin kuwa mu iyaye ne ke tura wa juna, mu yi salati, mu ji kamar mun yi wani abu. Ni kaina na tura wa ɗana sun fi a ƙirga. Ko ɗaya bai amsa ba.

Ɗan nan nawa ɗan fari ne, sunan mahaifina gare shi, Abba ake ce masa. Yadda muka taso, ba ka kiran sunan ɗan fari, ba ka zama hira da shi, in da saƙo ta wurin uwarsa yake bi. Shekararsa ashirin da uku, kuma magana mafi tsawo da na taɓa yi da shi ita ce ta ranar da na gano yana sha. Ya durƙusa zai gaishe ni, kafin ya rufe baki na ji turaren, na kuma ji abin da ke ƙarƙashin turaren. Wa zai ɓoye min wannan? Ni da yanzu nake na'ibin liman, ni ake turawa gaba, na miƙe na ce masa zai haukace, zai ƙare a bola yana tsince-tsince, ya zubar min da mutunci. Wato na ɗauko tsummokaran da Tanimu ya jefar tun kafin a haife shi, na yafa masa. Ba a jima ba ya kwashe kayansa ya koma kwana a shagon gyaran babur da yake aiki a bakin tasha. Uwarsa ba ta yi min musu ba. Ta dai daina zama idan ina cin abinci, gidan ya yi min faɗi.

Makon jiya bayan azahar na karɓi kwanon da take aika masa, na ce ni zan kai. Abokan aikinsa na ganina suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a benci, shi yana tsugune gaban wani babur, ya gaishe ni bai ɗago ba. Ban san yadda ake fara hira da shi ba, don haka na fara daga bayan kara. Na gaya masa komai, goron da turaren, wayar batir, ramin hanya, idona a ƙasa kamar ni ne ɗan. Hannunsa ya tsaya a kan sifana.

Can ya ce, "Baba, shi Malam Tanimun, shekara nawa ka ce ya yi yana jiranka?"

Na ce uku.

Ya ce, "Ni kwana bakwai ka ba ni."

Bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da kwance notinsa. Haka kuwa aka yi, kwana bakwai na ce ya bari ko ya bar min gida, a na takwas na tsaya a ƙofa har ya fita.

Na dawo gida ina auna abin da ya rage na Tanimu. Ƙungiyar ta watse tun kafin ya kwanta ciwo. Lasifikar ta yi tsatsa a ɗakin ƙanensa. Wasan babu wanda ya ɗauka a faifai, waɗanda suka gani ma sun fi tuna mahaukacin. Shekaru ina gaya wa kaina dabarar wasan ce ta cece ni, yadda ya nuna min gaskiya ba ƙari, ya bar ni na ba kaina amsa. Haka ne, wasan ya buɗe min ido. Amma da ya sauka daga babur ɗina ranar nan a Dingaya bai sake hawa ba, da na ƙara naɗi biyu don haushi. Abin da ya fi wuya a aikinsa ba a tsakiyar kasuwa ya yi shi ba, kuma ni da aka yi wa shi sai da ɗana ya tuna min. Allah ya haskaka kabarinka, Tanimu, ya yi maka haƙuri irin wanda ka yi da ni. Ina kewarka ƙwarai, yau fiye da ranar da muka rufe ka.

Abba bai dawo gida ba tukuna. Na ce masa ɗakinsa na nan, ya ce to. Jiya ma da na kai kwanon na ji warin a rigarsa, maganar ta taso min har maƙogwaro, na haɗiye ta, na tambaye shi abin da ke damun babur ɗin da yake gyara. Ya yi min bayani, na zauna har ya gama ci. Gobe bayan azahar zan koma.