Rahina Ba Ta Ciniki Sai Ta Gaishe Ka

Masu cewa sai an zauna a aji ake jin Turanci, ku zo Canal Street a New York ku ga Rahina.

Daga Zinder ta zo, ko yes ba ta riƙe ba. Mijin yayarta, Nasser, yana da teburin gyale da huluna da tabarau. Ya tsayar da ita a kai, ya ce, "Good price. Shi ke nan, kar ki ƙara komai."

To, Rahina fa 'yar Zinder ce, 'yar Damagaram ta asali. Ta yaya za ta sayar wa mutum kaya ba ta tambaye shi gajiya ba? Ta lallaɓa wajen Fusena, 'yar Kumasi mai jakunkuna a gefe. "Anti, ya ake tambayar iyali a bakinsu?" Fusena ta koya mata.

Ashe baƙin nan masu yawon buɗe ido jira suke. Ƙafa ta kumbura, tun safe ba wanda ya tanka musu, kana cewa how is your family sai a zaro waya a hau nuna hotuna. Ga jika, ga kare, ga aikin gwiwa da aka yi wa maigida. Rahina na gyaɗa kai tana kwashe kalmomi. Abin da bai shige ta ba ta ce "again, please", su maimaita da murna.

Nasser ya ƙule. "Kin riƙe tsohuwa ɗaya, jama'a na wucewa! Hira muka zo yi? In summer, lokacin zafin nan, ta ƙare a haka, shagon kitso za ki koma a Harlem." Ita kuwa ta san unguwar can cike take da 'yan Afirka ta Yamma, Faransanci za ta yi ta ji har ta tsufa, ba Turanci ba.

Wata Asabar wata Baturiya ta dawo da tabarau a karye tana faɗa, mutane suka fara taruwa. Nasser ya ce good price, ya sake cewa good price, Turancinsa ya ƙare.

Rahina ta jawo kujerarta. "Sit, mama. You walk too much today. Who is with you?"

Ba kowa. Mijinta ya rasu bara, tare suka shirya tafiyar nan. Rahina ta yi mata ta'aziyya cikakkiya, da Turanci, ta canja mata tabarau. Matar ta rungume ta ta tafi.

Nasser ya daɗe yana gyara hulunan da ba su karkace ba.

"Me ta ce ne?"

"Au, Yaya Nasser, ba kai ne malamina ba?"

Fusena ta tuntsure da dariya. Maganar kitso dai ba ta sake tashi ba, har yau Rahina na kan teburinta.