Kawu Ummaru da Sikelinsa

Duk wanda ya san Kawu Ummaru a Sanyinna ya san bai iya "ina kwana" ba. Gaisuwarsa ɗaya ce: "Mi kac ci jiya?" Ni, ɗiyar ƙanwarsa, na fi kowa tsanar tambayar nan, kuma ita ce ta sa nake raye yau.

Tun da masu binciken abinci suka ɗauke shi aikin zaga gidaje yana auna abin da mutane ke ci, shi ke nan, ya kamu. Aiki ya ƙare, suka bar masa ɗan sikelin, shi kuwa bai ƙare ba. Har liman bai tsira ba. Ya ce masa, "Abin da Allah Ya hore, Ummaru." Kawu ya zaro biro: "To, Malam, ludayi nawa Ya hore?"

Ƙauyen Fakku ne ya koya masa hankali. An sanar za a zo awo, sai kowane gida ya yanka kaza, ai baƙo zai zo. Takarda ta nuna mutanen Fakku sun fi gwamna cin nama. Kawu ya yage ta. Daga ranar sai dai a ga kekensa ƙofar gida ba sanarwa, kuma ko fura ba ya karɓa. Wata tsohuwa ta ce ya raina su. Ya ce, "Inna, in na sha, cikin wa za ni rubutawa?"

Da na samu cikin fari, jiri ya dame ni, tafin hannuna ya yi fari fat. Asibitin Tambuwal suka ce jinina ya yi ƙasa sosai, haihuwa za ta iya tafiya da ni. Suka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Matan unguwa kuwa suka ce suna ƙara wa jariri girma har ya kasa fitowa. Tsoro ya kama ni, na zuba su cikin kwallar da uwata ta ba ni ta aure na rufe.

Kawu ya zo, ya ja fatar idona ya duba.

"Hadiza, kina shan maganin?"

"Kullum, Kawu."

"Kawo robar maganin."

Na kawo ta wayam, ina murna. Ya ce, "Na wata guda kin shanye cikin sati? Ke ko akuya. Ɗauko kwallar uwarki."

Wata huɗu mutumin nan yana taka keke zuwa gidana kowace hantsi, da ƙwaya ɗaya da kwaɗon zogale, ran kasuwa har da 'yar hanta. Sai na haɗiye na buɗe baki ya leƙa. Na zage shi a zuci ba adadi, Allah Ya yafe mini.

Na haihu lafiya lau. Ran suna ya sa jaririyar cikin ƙwarya ya ɗora bisa sikeli, mata na ta dariya. Ya daɗe yana kallon allurar sikelin. Ranar kaɗai na ga ya manta biro a aljihu, yana share ido da hannun riga.

Jinyarsa ta ƙarshe, bara, murya ta kusa tafiya, amma ya yafito ni, ya raɗa mini: "Mi kic ci jiya?" Na lissafa masa komai, har gishiri. Ya lumshe ido, ya gamsu.

Ina kewarsa ƙwarai. Ya Allah, Kawu ya auna mana da gaskiya, bai taɓa tauye kowa ba. Ka nauyaya mizaninsa, Ka ciyar da shi abincin Aljanna ba awo. Amin.