Jinjina da Wuƙa a Hannu

Har yau ban manta da ranar Babbar Sallar da na kusa komawa Kano a jirgin korarru ba, a kan wurin ajiye mota. Lokacin ina shekarata ta shida a aikin haris, wato mai gadi, a wani gidan bene da ke unguwar Safa, a nan ƙasa mai tsarki. Mai gidan, Abu Majid, shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar.

Ku da kuka fara wannan aikin kwanan nan, ku sani cewa a takarda aikinmu shara ne da wankin mota da duba tankin ruwa. A zahiri kuwa babban aikin shi ne gadin bakin titi, inda motar maigida take hutawa. Tsohuwar kujera ya ba ni ina tare wurin da ita. Kullum sai ya tuna mini haƙƙinsa ne, kai ka ce shi ya zuba kwaltar.

Ranar, bayan an sauko daga idi, direba ya fita da motar, ni kuma ina bayan gida ina fiɗar ragon maigida. Sai na ji shi ta taga: "Ya Sani! Yalla, yi maza, wani ya shiga wurina!"

Na fito a guje, riga duk jini, wuƙa a hannu. Ashe wani dattijo ne ya zo gaida 'yarsa a maƙwabta, ya ture kujerar ya ajiye motarsa. Ina ba shi haƙuri yana cewa minti goma kawai, shi kuwa Abu Majid tuni ya bugo wa 'yan sanda waya.

Da askari ya sauko daga mota, sai tarbiyyar gida ta motsa: ka ga hukuma, ka gaishe ta. Na dunƙule hannu na ɗaga sama na jinjina masa, na ce, "Ranka ya daɗe!" Na manta shaf da abin da ke cikin hannun.

Ya ja baya, ya dafa bindiga. "Jefar da wuƙar!"

Kafin in fahimta an buga mini ankwa, an karɓe iƙamata, wato katin izinin zama. Baƙon da aka kama da makami a titi kuwa, ya san hanyar gida ta buɗe. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don 'ya'ya huɗu na bari a Kano, da wannan aikin suke cin abinci. Na ɗaga kai na dubi taga. Jarumin da duk Safa ta ji muryarsa ɗazu ya saki labule.

Dattijon ne ya matso. Ya ce, "Wallahi, ya askari, bai yi mini barazana ba. Na zauna da mutanensu a Bab Makka, haka suke gaida manya."

Askarin ya zagaya baya ya ga ragon a rataye. Ya dawo yana girgiza kai, ya kwance ni, ya miƙo mini iƙamar. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Ɗauke kujerar nan. Ka gaya wa maigidanka titi na hukuma ne, iyakarsa bakin ƙofa."

Sai da motarsu ta sha kwana Abu Majid ya sauko. Na ɗauka sannu zai yi mini. Ya ce, "Hantar fa, ka ware mini?"

Shi ya sa nake gaya muku, duk wanda ya tura ku kare masa haƙƙi, ku fara duba abin da ke hannunku, sannan ku duba ko shi zai sauko. Ni dai mutumin da aka aike ni in kora ne ya hana a kore ni.