Sarkin Sallama

Ni ne na yi kuskure, ba kawuna ba. Gara in faɗa tun farko.

Shekarun baya, da labarin 'yan bindiga ya fara iso mu a Dalijan, zancen kowace majalisa ɗaya ne: kowa ya nemi abin kare kansa. Har yau ban ga laifin mutum ya tsare gidansa ba. Sai na je wurin kawuna, tsohon maharbi, aron bindigarsa ta toka.

Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo. "Sharaɗi guda. Komi ka ji, kada ka harba sai ka yi sallama."

Na yi dariya. "Kawu, sallama ga ɓarawo? In shimfiɗa mai tabarma kuma?"

Ban tsaya nan ba. Na kai zancen majalisa, na ce tsufa ya mayar da shi matsoraci. Aka yi ta sheƙa dariya, har aka laƙaba masa Sarkin Sallama. Zancen kuwa ya kai kunnensa.

Da kaka, ina gona da hantsi, sai na ji ana ratso dawa ana nufo ni. Na hango rawani da wani abu dogo a kafaɗa. Ni mai cika baki, ko tsayawa in duba da kyau ban yi ba. Na ɗaga bindiga, yatsana a kan kunama. Wallahi ba biyayya ba ce, tsoro ne ya fizgo kalmar daga bakina: "Salamu alaikum!"

"Wa alaikumus salam! Zo ka karɓi ɗan banzan ragonka, tun safe yake bin shanunmu."

Abokina ne na ruga, wanda muka tashi tare. Sanda ce a kafaɗarsa. Ya dubi bindigar, ya dube ni.

"Mi kake farauta?"

"Kurciya."

"Kurciya, da wanga gumi?"

Har yau in na ga 'ya'yansa sun zo cin kasuwa, sai in tuna yatsana a kan kunamar nan.

Kunya ta hana ni magana sai bayan girbi. Ranar Juma'a na iske kawu a majalisar nan, ta cika maƙil. Na yi sallama.

Ya yi murmushi. "Ashe ka iya."

Na durƙusa, na ajiye bindigar a gabansa. "Kawu, a nan na ci mutuncinka, a nan zan roƙe ka. Sallamarka ce ta hana ni kashe abokina. Ni ne matsoracin. Don Allah ka yafe mini."