Miyar Kuka a Motar Baffa Manu

Gara in tona wa kaina asiri da bakina kafin wani ya riga ni. Ni ne mutumin da ya taɓa kaɗa wa mota miyar kuka, kuma wannan ƙaramar wauta ce idan aka auna ta da shirun da na yi daga baya. Karatuna bai wuce aji uku ba, shi ma rabinsa a kan katangar makaranta na yi shi, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace sai ya yi haƙuri, haka mai shi yake.

Wata safiyar Talata ce, a tsakiyar sanyin farko bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Shekaruna goma sha uku ko sha huɗu, don ba wanda ya rubuta. An idar da sallar asuba, ina tsaye a ƙofar gidanmu a Giwa Tazo, hannuwana cikin hammata, haƙorana na kaɗawa. Baffa Manu, ƙanen mahaifina wanda ya riƙe mu tun bayan rasuwarsa, yana zaune cikin motarsa injin na aiki, ya ɗora tafin hannu a kan ramukan da iskar hita, mai ɗumama cikin mota, ke fitowa. Ya daɗe a haka bai motsa ba. Can ya janye hannun ya dube shi, kamar hannun ne ya yi laifi. Iska na fitowa da ƙarfinta, amma sanyi ƙalau, kamar daga bakin randa.

A cikin gida kuwa, yayata Adda Hajo, wadda ta zo goyon ciki, ta haihu ba a shirya ba. Bakwaini ne, namiji, ɗan mitsitsi, da za a saka shi cikin ƙwaryar fura da ya shige. An naɗe shi da auduga da zannuwa, Inna, mahaifiyarmu, ta cusa mata shi a ƙirji, amma ya ƙi kama nono, kuma numfashinsa yakan tsaya sai an girgiza shi. Wani maƙwabci ya ɗauko malamin asibiti daga Maiyama a kan babur. Ya duba, ya fito ya ce da Baffa, "Ku tahi da shi Jega yanzu-yanzu. Amma in kunka bari sanyi yat taɓa shi bisa hanya, gawa za ku kai." A jira rana ta yi zafi, yaron ba zai kai ba. A tafi haka nan cikin motar da kowace ƙofa tata ke shan iska, sanyi ya ƙarasa shi. Abin da ya rage hita ce, ita kuma ga abin da take yi.

Duk garin ni kaɗai na san dalili.

Motar tsohuwar wagon ce mai ruwan ƙasa, da ita Baffa ke jigilar mutane da buhunan albasa tsakanin Maiyama, Jega da Aliero, da ita kuma muke ci. Aikina ne kullum da safe, kafin in kora awaki in wuce fadama ban-ruwan albasa, in wanke ta, in buɗe bonet in ƙara ruwa a lagireto, wato tankin da ke sanyaya injin. Na fi son wannan aiki da kowane, don shi ya sa yaran unguwa ke bina. Ko a wasan langa aka kayar da ni, sai in ce wanda ya yi dariya ba zai taɓa sitiyari ba. To da kaka, lokacin fara, idan Baffa ya dawo da yamma sai ka tarar da fari sun maƙale a haƙarƙarin lagireto, zafi ya gasa su tsaf, gishiri kawai suke jira. Ni da abokaina muka mayar da wurin teburin mai suya. Wata rana wata ƙatuwar fara ta shige can ciki, na ɗauko wayar kafar keke na zura, na murɗa, na ƙara zurawa. Farar ba ta fito ba, ruwa ne ya fito, siriri kamar fitsarin jariri.

Na san dorinar Baffa, bayana ya fi ni saninta. Sai na tuna wata hira da na taɓa ji a tashar Jega, inda wani direba ke cewa in lagireto ya fara yoyo a daji, a zuba masa garin kuka cokali ɗaya, zai liƙe ramin har a iso gari. Cokali ɗaya ya ce. Ni kuwa na yi lissafi irin na ɗan aji uku, na ce idan cokali ɗaya ya kai mota gari, to gwangwani guda zai kai ta har abada. Na saci gwangwanin madara cike da kukar Inna, na ɗura. Washegari yoyo ya tsaya cak. Kwana uku Inna tana zagin ɓeraye, ni kuwa ina yawo ina jin kaina bakanike. Ba wanda ya gane, don a ƙasarmu wa ke kunna hita? Wata goma na shekara neman iska ake yi.

Wata biyu ke nan da yin haka. Yanzu ga Baffa ya fito ya ɗaga bonet, ya kira ni.

"Bawa, taho nan. Ka ba ta ruwa jiya?"

"Na ba ta, Baffa."

Ya leƙa ya ga ruwa a cike. Ya koma ciki ya ja ɗan maɓallin da ke juya iska daga sanyi zuwa zafi, ya sa ni na tsaya ina duba ko wayarsa na motsi a wajen injin. Tana motsi. Ya dubi allurar zafi, ta hau daidai inda ta saba. Duk abin da ya taɓa lafiya lau, kuma kowane abu da ya taɓa yana cin lokaci. Gari ya fara haske har ana iya rarrabe rumbu da ɗaki. Maza sun taru da barguna a kafaɗa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a saka kaskon garwashi a cikin motar, Baffa ya ce hayaƙin zai riga sanyi kashe yaron. Wani ya ce a aika Jega a ɗauko bakanike, aka ce kafin ya zo an yi hantsi. Baffa da kansa ya fara cewa wataƙila sai ya kwance allon gaban motar gaba ɗaya, aikin da ke cin rabin yini.

Maganar tana nan a maƙogwarona. Kalma uku ce kacal: na zuba kuka. Na buɗe baki sau biyu, sau biyun idona na sauka a kan dorinar da ke rataye bayan kujerar direba. Na riƙa ce wa kaina ai ba lallai kukar ba ce, me ya haɗa miya da iska? Ina cikin wannan shari'a da kaina sai na ji muryar Inna daga cikin gida. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunan 'yar farinta ba, sai dai ta ce "wagga ɗiya". Ranar na ji ta ɗaga murya tana cewa, "Hajo! Hajo, taɓa shi ki ji, shina numfashi?" Duk mazan da ke ƙofar gida suka yi tsit. Ni ma na yi tsit tare da su, sai dai nawa shirun daban ne.

Baffa bai kwance allon ba. Ya zura hannu can bayan injin, inda tiyo biyu ke shiga cikin motar. Daga baya na koyi cewa akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye a ciki, ruwan zafi na shiga ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗayan, fanka ta hura iska a kansa, ita ce iskar da ke ɗumama mutane. Ya kama na farko ya saki da sauri, ya yi zafi. Ya kama na biyu ya riƙe, sanyi. Ya ce, "Ruwa na shiga, ba shi hita. Wani abu ya toshe." Ya kashe injin, ya yafa tsumma a kan murfin lagireto ya sassauta shi a hankali har tururi ya gama fita, sannan ya kwance tiyon da fulaya. Maimakon ruwa, wani abu kore-kore ya leƙo, mai yauƙi, ya yi zare har ƙasa. Baffa ya lakato da yatsa, ya murza, ya kai hanci. Ya ƙara kaiwa. Wani tsoho ya tambaye shi mene ne, ya ce, "Datti ne." Sannan ya juyo ya dube ni. Ban taɓa jin kallo mai nauyin wannan ba, da ma dorinar ya ɗauko.

"Tahi ka ɗauko famfon keke. Ka ce ma mata su ba ni ruwan jego, bokiti biyu. Kuma ba ni danƙon da ke aljihunka."

An riga an ɗora babbar tukunyar wankan jego a bayan ɗaki, ruwan na tafasa da ganyen darbejiya a gefe. Wata gwaggo ta tare ni ta ce ruwan mai jego ba na mota ba ne, Inna ta daka mata tsawa daga ɗaki, aka kamfato mini. Baffa ya cire ɗaya tiyon ma, ya ɗura ruwan zafi da mazurari ta inda ruwa ke fita, don ya koro toshiyar ta hanyar da ta shigo. Ya cusa bakin famfo a tiyon, ya tsinke robar danƙona ya naɗe wurin tam. Ya ce in buga. Na buga, famfon ya cije kamar ina tura bango. Na hau shi da ƙirji, na buga har damatsana suka mutu, ina kuka ba sauti, majina har baki. Sai muka ji fut! Wani curi kamar tuwon da ya kwana ya yi tsalle ya manne a gaban rigar Baffa, koren ruwa ya biyo baya. Ba wanda ya yi dariya. Muka ɗura, muka buga, muka ɗura, sau biyar ko shida, har ruwan ya fito fari.

Ya zubar da sauran ruwan motar duka, don kada miyar ta sake komawa. Da aka zuba sabo, ramina ya farka ya ci gaba da yoyo. Baffa ya sunkuyo daidai kunnena yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Nuna mani inda kah huda." Na nuna. Ya matse wurin da fulaya, ya murza sabulu a tafinsa ya liƙe. Aka tayar da mota. Muka jira allura ta hau, ya ɗora hannu a ramukan iska.

Sanyi.

Rana ta riga ta hau kan katanga. Baffa ya rufe ido yana motsa baki, sai ya buɗe ya ce iska ce ta shige cikin tiyon ta tare ruwa. Ya sa maza suka tura motar ta hau tudun jujin ƙofar gida, hancinta ya kalli sama, ya buɗe murfi ya riƙa matsa tiyo da hannu kamar mai tatsar saniya. Ruwan ya yi gyatsa, ya yi ƙasa, na ƙara. Ya sake gyatsa, na ƙara. Ya ce in shiga in sa hannu. Da farko ban yarda da fatata ba. Sai na ji wani ɗan ɗumi-ɗumi kamar numfashin akuya, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, da ƙanshin miya a cikinsa. Na ƙwala ihu.

Aka fito da su. Inna ta zauna gaba da jaririn a cikin rigarta, Adda Hajo ta kwanta a tsakiya, ni kuma aka cusa ni can baya wurin albasa da jarkar ruwa biyu, saboda sabulu ba shi da alƙawari. Sau ɗaya muka tsaya ƙarin ruwa, Baffa bai ko kashe injin ba. Duk tsawon hanyar idona na kan ƙeyar Inna, don na san idan ta sunkuya ba ta ɗago ba, shi ke nan. Gumi na zuba a wuyanta, ba ta share ba. Muna shiga Jega wani ɗan sauti ya fito daga cikin rigarta, kamar na ɗan kyanwa. Baffa ya ce "Alhamdu lillahi" sau ɗaya, ya ƙara taka mota.

Yaron ya rayu. Kwana ashirin da wani abu suka yi a asibiti. Yau ƙato ne mai gemu, yana saran albasa a Aliero, idan ya gan ni yakan ce, "Kawu, ka tsufa ba ka daina tsiya ba," bai kuma san rabin tsiyar ba. Inna takan kira ni "ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa" a kan ƙananan laifuka, har ta koma ga Allah ba ta san inda gwangwanin kukarta ya tafi ba, don Baffa bai gaya wa kowa ba.

Ni ma tuƙin na gada, na yi shekaru a wannan hanya. Yanzu yaranmu na gareji sai su jona wa mota wata na'ura ta gaya musu ciwonta, ba mai kama tiyo da hannu, balle ya kai yatsa hanci. Tudun jujin nan an share shi an gina shago, fari ma sun yi ƙaranci a lagireto. Amma duk shekara idan sanyi ya shigo nakan kunna hita ni kaɗai, in ɗora hannu in jira, ko da ba ni da inda zan je. Wasu abubuwan sai an tsufa suke yin nauyi.

Ranar da muka kai su asibiti, a hanyarmu ta dawowa ni da Baffa, na yi ta jiran dorina. Da muka kusa gida Baffa ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Na sauka da kaina na juya masa baya. Ya ce in dawo in zauna. Ya daɗe yana kallon koren tabon da ya bushe a rigarsa, sannan ya yi mini tambayar da har ya bar duniya ban amsa ba.

"Bawa, da hancina bai hwaɗa mani ba, yaushe bakinka za shi hwaɗa mani?"