Injin Zarto Tsakanin Surukai

Mahaifina masassaƙi ne a Ɗanzomo. Yana yin taɓarya da akushi da ƙotar fartanya, amma da turmi aka san shi. Ba ya sarar ɗanyen itace, sai bishiyar da ta bushe ko wadda iska ta kayar, mai gona ya aiko a zo a ɗauke. Da girma ya fara kama shi, kafaɗarsa ta dama ta ƙi gatari. Gizago bai gagare shi ba, tunda a zaune ake aiki da shi, amma datsa gungumen ƙirya ya fi ƙarfinsa. Abin da ya riƙe masa sana'arsa wani tsohon injin zarto ne da ya saya tun ina firamare, ja, mai nauyin tsiya. In aka tayar da shi har awakin maƙwabta sai sun nemi tsinke igiya.

Wata shekara wani ya are shi, ya ɗura masa zallan fetur bai gauraya da baƙin mai ba, ya dawo da shi a buhu yana ta ba da haƙuri. Bakanike ya kwance ya ce fistan ya ci silinda, sai an sauya su duka, kuma irin wannan inji an daɗe da daina kawo kayansa. Baba ya gwada aron irin na yanzu marasa nauyi, ya ce wannan na yankan rake ne.

Yayyena murna suka yi a ɓoye, don sun daɗe suna son ya huta. Ni ban yi ba. Na je ganin gida na tarar da shi a zaure ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon masu wucewa, kuma na san mahaifina, ranar da ya daina aiki ranar zai fara tsufa da gaske. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Shi ma bai sallama ba. Ya ƙulle ƙonannen fistan a hankici ya sa a aljihu, duk Alhamis sai kasuwar Maigatari. Ya bi 'yan gwangwan, ya bi masu kayan babur, ya bi fataken da ke ƙetarowa daga Nijar. Wani daga cikinsu ya jujjuya abin ya ce, "Tsoho, in buji ne, fulogi da kuke cewa, muna da shi. Wannan kam sai Damagaram, can ma sai an dace." Ya kwaso fistan na injin feshi, da na injin ban-ruwa, da na ƙaramin janareta. Akwai wanda ya kusa shiga, ya yini yana goge zobensa da magagari, aka ɗaura, injin ya yi tari, ya turnuƙe gidan da hayaƙi, ya mutu. Ya ji labarin wani mai irinsa a Gagarawa Tasha, ya hau motar haya ya je, ya tarar an sayar wa masu awon ƙarfe tuntuni, sarƙar kaɗai ta rage, da ita ake ɗaure ƙofar garken shanu. Inna ta ce ɗakinta ya koma garejin bakanike, har a kwanon daddawa ta tsinci noti.

Abin takaicin, ni na san inda irin injin yake. A Gumel nake aure, kuma mahaifin maigidana, Alhaji, tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Rayuwarsa a dashen darbejiya da korar masu sara ta ƙare. Lokacin da ofishinsu ya yi gwanjon tsofaffin kaya ya sayi injin zarto don tunawa da aiki, ya ɗora a kan kabad a falonsa, yana goge shi da tsumma. Injin ba ya tashi, tankinsa ya tsage, kwayil ɗin da ke ba fulogi wuta ya mutu. Amma cikinsa garau yake, don bai yi wani aikin kirki ba. Duk sanda na durƙusa gaida Alhaji, kaina a sunkuye, sai na saci kallonsa.

Na gaya wa Baba. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Gidan da na kai 'ya? Ko allura ba na roƙo a can. Kada in sake jin wannan maganar."

Da gaske yake, don ko ruwa ba ya sha a gidan. Ni kuma ban isa in buɗe baki gaban surukina ba. Sai na bi ta hanyar mata. Muna tsintar wake da surukata Hajiya, na kawo labarin Baba da yawon kasuwanninsa kamar hira. Ta ce "Allah sarki," ta ci gaba da tsinta.

Ba a jima ba Alhaji ya sa aka sauke injin, ya ba direban motar Ɗanzomo da saƙo: ya ji Malam ya san kan irin waɗannan injuna, a taimaka a duba masa, babu gaggawa ko kaɗan, ko shekara nawa zai yi. Kowa ya gane. Kyauta ce aka lulluɓe don kada a kunyata mai karɓa, ya cire abin da yake so ya sa a nasa. Ranar har rawa na taka a madafa.

Baba ya shimfiɗa tabarma, ya kwance injunan biyu. Ya cire tankin nasa, da kwayil, da kabureta, har da sarƙar da ya fi ji da ita, ya ɗaura wa na Alhaji. Ya wanke shi da kananzir, ya ja igiya, ya tashi. Sai ya sa shi a sabon buhu ya mayar Gumel, da ɗan turmin dakan yaji na Hajiya. Nasa kuwa ya zama ƙwarya, ko ɗan gwangwan sai ya yi tunani kafin ya ɗauka.

Na kira shi a waya cike da haushi.

"Baba, me ya sa kuka yi haka?"

"Gyara aka ce in yi. Na gyara."

"Ai kun san abin da Alhaji yake nufi."

"Na sani mana. Shi ya sa."

A Gumel kuwa direban ya tayar da injin a ƙofar gida don a ga aiki. Alhaji ya ja da baya har cikin zaure yana dafe da hula. Ga mutumin da bai taɓa sarar reshe ba, ga inji mai rai a hannunsa, ga shi ya je taimakon suruki ya ƙarasa kassara shi. Hajiya ta ce ko tuwon kirki ya daina ci.

Wata Asabar ya ce wa maigidana ya fito da mota. Aka sa injin a but, ni ma na shiga baya da sunan zan ga Inna. Alhaji bai taɓa taka gidanmu ba tun bikina. Ni da Inna muka laɓe bayan ƙofar zaure. Suka yi ta gaisuwa, gida, iyali, damina, gero, har na fara zaton a haka za a tashi. Can Alhaji ya gyara murya.

"Malam, kun jawo mini wahala. Da yana mace, gogewa kawai nake yi. Yanzu an ce in ba a tayar da shi yana cin itace ba, sake lalacewa zai yi. Ni kuwa, tsakani da Allah, tsoronsa nake ji. Tumakina ma a ƙauye ake kiwata mini su. Shi ne na zo roƙo, a karɓa mini kiwonsa."

Sai na ji muryar Baba.

"Kiwo akwai nauyi, Alhaji."

"Na sani. Shi ya sa ban aiko ba, na taso da kaina."

"To, tunda kun taso, ba na mayar da ku."

Inna ta cusa gefen gyale a baki don kada a ji dariyarta. Ni hawaye ne suka zubo mini, ban san lokacin ba.

Har yau injin yana Ɗanzomo, kuma Baba bai taɓa kiransa nasa ba. Ba ya ba kowa aro, ya ce ba a aron amana. Da kansa yake gauraya man, yana girgiza jarkar kusa da kunnensa. Zuwana na baya-bayan nan na iske ya datsa wata ƙirya da ta faɗi a gonar liman, hularsa duk garin katako, yana ta faɗa da masu ɗora gungume a amalanke. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya.

"Ki gaida Alhaji. Ki ce abin kiwonsa yana nan lafiya, yana ci yana sha."

Na ce to. Mota ta tsaya, na sa ƙafa ɗaya, sai ya matso ya rage murya.

"In kuma kin ji yana maganar a mayar masa, ki ce bai gama warwarewa ba tukuna."